Sun sayi littafina, amma ba su karanta ba

Uwar Biyu:
Salama a gare ku, iyayena da 'yan'uwana marubuta. Tun da aka sa ni cikin wannan zaure karatu kawai nake yi, ban taɓa tofa albarkacin bakina ba. Yau dai abin ya ishe ni, na kawo kuka.

Shekara huɗu ke nan da rasuwar maigidana. Malamin firamare ne, ciwon ƙoda ya kwantar da shi wata bakwai kafin Ubangiji ya kira shi gida. Bara na zauna na rubuta ɗan littafi don gwauraye irina, shafi 64, na buga kwafi 300 da kuɗin adashina. Ranar ƙaddamarwa matan zumunta sun yi mini kara, wannan ta ɗauki biyar, waccan goma, kafin a tashi saura bai kai hamsin ba. Kowa "Allah ya ƙara basira".

Makon jiya na je barka gidan wata 'yar'uwa. Ina zaune idona ya faɗa kan ƙafar teburin talabijin. Littafina ne guda biyu aka tokare ta da su don kada teburin ya yi rawa. Ban ce uffan ba. Da na koma gida na kira aminiyata, ita ma gwauruwa ce, kuma ba ta iya ɓoye-ɓoye ba. Na ce ta gaya mini tsakaninta da Allah. Ta ce: "A shafi na tara na ajiye. Duk abin da kika rubuta gaskiya ne, amma ban gan ki a ciki ba. Kamar Fasto ne ya ari zanenki ya ɗaura."

To ina tambaya, yaya mutum zai yi rubutun da zai shiga ran mai karatu, kuma bai saki Maganar Allah ba?

Mai Gyaran Rubutu:
Sannu Mama, Ubangiji ya ci gaba da riƙe ki da yaran. Aminiyar nan taki ki riƙe ta hannu bibbiyu. Kafin mu yi ta shaci-faɗi, kwafo mana sakin layin farko yadda yake a littafin.

Uwar Biyu:
Ga shi: "Sa'ad da ya gamshi Ubangiji ya ɗauki maigidana, na shiga baƙin ciki mai tsanani ƙwarai. Amma godiya ga Allah wanda ba ya yashe da nasa. Na tuna da Romawa 8:28, na kuwa sami ta'aziyya da salama wadda ta fi gaban ganewa. Ya ke 'yar'uwata gwauruwa, kada ki karaya."

Mai Gyaran Rubutu:
Na gode. Kin gani, a jimlar farko ya rasu, a ta uku har kin warke. Wata bakwai na jinya da shekara huɗu na kewa, kin ƙetare su da tsalle ɗaya. Matar da aka binne mijinta watan jiya, in ta karanta wannan, ɗayan biyu za ta ɗauka: ko dai ke ba ki ji zafin da take ji ba, ko kuwa ita ce bangaskiyarta ba ta kai ba. Ko wanne ta ɗauka, ajiye littafin za ta yi.

Zan yi miki tambaya, in ta yi nauyi ki bar ta. Ranar da 'yan zaman makoki suka watse, aka kwashe rumfa da kujerun haya, washegari da asuba me kika yi? Ban ce me kika ji ba. Me hannunki ya yi?

Uwar Biyu:
Hmm. Malam, ka taɓo wuri.

Ƙarfe biyar na tashi kamar kullum, na hura gawayi, na ɗora ruwan wankansa. Shi ba ya wanka da ruwan sanyi ko da bazara. Na juye a bokiti, na surka, na gwada da gwiwar hannu yadda na saba tun da ya kwanta ciwo, na kai banɗaki. Sai da na buɗe baki zan ce "Baban Biyu, ruwa ya yi" sannan na tuna. Na tsaya a wurin har ruwan ya huce. Na yi haka ya fi sau goma a watan farko.

Ga kuma abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Wata uku ban yi addu'a ba. Nakan durƙusa in ce "Ubanmu wanda ke cikin sama", sai maƙogwarona ya toshe. Ayar Romawan nan ma, sai bayan shekara na iya jin ta a bakin mutum ban ji haushi ba.

Malamar Lahadi:
Wayyo Allah. Mama, a cikin keke na karanta, sai da na juya fuska waje. Me ya hana wannan shiga littafin?

Uwar Biyu:
Kunya, 'yata. Kuma na ɗauka ba ruwan Allah da bokitin wanka.

Fasto Mai Ritaya:
Salama, 'ya'yana. Ku bar tsoho ya sa baki. Zancen bokiti ban ƙi ba, ni ma ya taɓa ni. Amma zancen wata uku ba addu'a, a buga shi a raba wa matan ikilisiya, nan na ja birki. Shekara 38 na yi ina kiwon garke, na san yadda mai rauni yake neman abin jingina. Wata za ta ce ai Maman Biyu ma ta daina addu'a, ga ta nan garau. Marubuci Kirista ba mai tatsuniya ba ne, zai ba da lissafin abin da ya rubuta.

Na biyu, wannan magana ta "taɓa zuciya" tsoro take ba ni, don na ga abin da ta zama a kan bagadi. Mai wa'azi ya sassauta murya, yaron da ke kan kibod ya fara dannawa a hankali, a kawo labarin uwar da ta mutu, mutane su cika gaba suna kuka. Ranar Laraba ka neme su a addu'ar tsakiyar mako, ko mutum ɗaya. Hawaye ba tuba ba ne. Bulus ya gaya wa Korintiyawa bai zo musu da gwanintar magana ba, don kada bangaskiyarsu ta tsaya kan hikimar mutum. In muka koya wa marubutanmu dabarar matso hawaye, kasuwa muka buɗe.

Ɗalibin Bukuru:
Baba, a durƙushe nake magana. Maganarku ta biyu ba ni da ja a kanta. Ta farkon ce nake so mu duba da Littafi a buɗe. Zabura 88, tun daga farko har aya ta 18, kuka ne. Babu inda mai zaburar ya juyo ya ce "amma godiya ga Allah", da duhu ta ƙare. Zabura 13 ta tambayi Allah "har yaushe" sau huɗu cikin ayoyi biyu. Na'omi da ta koma Baitalami cewa ta yi matan gari su daina kiranta Na'omi, su kira ta Mara, don Mai Iko Dukka ya shayar da ita ɗaci. Ba a goge waɗannan daga Littafi don tsoron kada mai rauni ya yi tuntuɓe ba.

Wanda ya fi kaɗa mini hanji shi ne Ayuba. Abokansa uku sun zauna da shi a ƙasa kwana bakwai, dare da rana, ba wanda ya ce kome. Nan kaɗai suka yi daidai. Da suka buɗe baki, yawancin abin da suka faɗa za ka iya hawa bagadi da shi ranar Lahadi a ce amin. Amma a sura 42 Allah ya ce ya husata da Elifaz da abokansa biyu, don ba su faɗi daidai a kansa ba kamar bawansa Ayuba, Ayuban da ya la'anci ranar haihuwarsa. Littattafan ta'aziyya da muke bugawa, in za mu faɗi gaskiya, da yawansu Elifaz ne ya rubuta.

Fasto Mai Ritaya:
Ɗana, malamanka ba su ci kuɗin banza ba. Amma duba da kyau, mai Zabura 88 da wa yake magana? Da Allah. Da kiransa Allah na cetonsa ma ya fara. Kukansa addu'a ce. 'Yata kuwa cewa ta yi ba ta yi addu'ar ba sam. Ba ɗaya ba ne.

Shugabar Zumunta:
Baba Fasto, ku gafarce ni. Mace ta yi wata uku tana durƙusawa tana cewa "Ubanmu" murya na sarƙewa, ku ce ba ta yi addu'a ba? To wa take durƙusa wa? Romawa 8 ɗin nan da ta ɗauko aya ta 28, ku ɗan hau sama zuwa ta 26, inda aka ce Ruhu yana roƙo dominmu da nishe-nishen da ba su faɗuwa.

Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Gwauraye a zumuntarmu sun fi ashirin, na zauna da kowace a ɗakinta. Ba wadda ba ta yi irin waɗannan watanni ba, sai dai kowa na ɓoyewa, kowa na zaton ita kaɗai ce ta gaza. Ba littafi ne zai koya musu barin addu'a ba, Baba, sun riga sun san hanyar. Abin da ba su sani ba shi ne akwai wadda ta shiga ta fito.

Bari ma in tona mana asiri. Matan nan da ake cewa ba sa karatu, littattafan soyayya irin na kasuwar Kano suke bi a waya, babi bayan babi, har tuwo ya kama. Ba don sun bar Yesu ba. A can ne suke ganin mace da uwar miji da kuɗin cefane da ba ya isa, mace mai jini a jika. A namu littattafan kuwa sai mala'iku.

Mai Gyaran Rubutu:
Tsoron Baba gaskiya ne, sai dai mu rarrabe abu biyu. Akwai matso hawaye, akwai nuna abu. Mai matso hawaye zai jera maka "abin tausayi, abin takaici, hawaye kamar ruwan Agusta", ya tsaya a kanka yana jiran ka fashe. Mai nunawa zai ajiye maka bokiti ya koma gefe.

Ku duba annabi Natan a 2 Sama'ila 12. An aike shi wurin Dawuda, sarkin da ya san Doka ciki da bai. Da ya shiga ya karanto masa kada ka yi zina, kada ka yi kisankai, Dawuda kai kawai zai gyaɗa, ai ya haddace. Sai ya kawo masa matalauci mai 'yar tunkiya ɗaya tak, wadda ya saya ya rena tare da 'ya'yansa, tana ci daga abincinsa, tana sha a ƙoƙonsa, tana kwana a ƙirjinsa kamar 'yarsa. Ƙoƙon nan shi ne bokitin Mama. Sai da Dawuda ya harzuƙa ya yanke hukunci da bakinsa, sannan Natan ya ce masa kai ne mutumin. Magana ta zo da kaifinta, ba a rage mata kome ba, amma sai da aka buɗe mata ƙofa. Abin da ya fito daga ranar kuma ba kukan gaban bagadi ba ne, Zabura 51 ce.

Masu rubuta Bishara ma haka suke. Markus bai tsaya kan cewa Yesu yana barci a jirgi ba, ya ce a kan matashi. Da aka ta da 'yar Yayirus, yarinya 'yar shekara 12, ana cikin mamaki Yesu ya ce a ba ta abinci. Duk uwar da ta yi jinyar ɗa ta san nauyin wannan. A Yohanna 11 kuwa, Yesu ya san zai ta da Li'azaru, duk da haka ya yi hawaye, kuma marubucin bai tsaya yi mana bayani ba. Mutanen da ke tsaye ne suka ce ku dubi irin ƙaunar da yake masa.

Ɗan Wusasa:
Akwai abin da ba a taɓo ba, wato Hausar kanta. "Sa'ad da ya gamshi Ubangiji", "na kuwa sami", "ya ke 'yar'uwata". Mama, haka kike magana in kin je sayen tattasai? Wannan Hausar bagadi ce. Tushenta mai daraja ne, ban raina ba. Dakta Walter Miller, likitan CMS, ƙungiyar mishan ta Anglika, da ya zauna a Zariya tun 1905, shi ya ja ragamar juyin Littafi Mai Tsarki da aka buga cikakke a 1932, da shi kakanninmu suka koyi karatu. Kakata har ta rasu ba ta saki jiki da juyin da ya biyo baya ba, wai an mai da Yohanna Yahaya, Matta ya koma Matiyu. Ni ma in na ji Hausar nan a sujada tsigar jikina takan tashi. Amma rigar Lahadi ce. In ka sa ta ka shiga ɗakin mai makoki, gyara zama zai yi ya ce maka lafiya lau.

Ku koma ku karanta yadda Mama ta ba da labarin ruwan wanka. "Na surka, na gwada da gwiwar hannu." Ba ta ce "na kuwa surka" ba.

Malamar Lahadi:
Yaya, wannan ciwona ne. Ni Bajju ce, mijina Tangale, Hausa a coci da kasuwa muka tsince ta. A rubuce kuwa, ba wadda na saba gani sai ta Littafi da ta littafin waƙoƙi. Ina ɗaukar biro sai hannuna ya bi ta da kansa.

Ɗan Wusasa:
To ajiye biron. Kunna rikoda a waya, ki ba ƙawarki labarin yadda za ki ba ta a kicin, sannan ki kwafa. Gyara ya biyo baya.

'Yar Mubi:
Ni ta wani gefe zan zo. A ƙarshen Oktoba 2014 da Boko Haram suka shiga Mubi, da ƙafa muka gudu, muka bi duwatsu muka faɗa Kamaru, daga baya muka zagayo Yola. Hedkwatar ikilisiyarmu ta EYN, wato Ikilisiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, da ke Kwarhi ma ba ta tsira ba. Shekarun da suka biyo baya baƙi sun yi ta zuwa, na gida da na waje, da biro da kyamara: "Ki ba mu shaidarki." Sai na lura in na ambaci jini biro ya yi ta gudu, in na ambaci wani abu daban biro ya tsaya. Tambayar ƙarshe kuma kullum ɗaya ce: "Kin gafarta musu?" Ana so in ce e, a rufe littafi a tashi. Har na iya ba da labarin yadda suke so, kamar hadda, ina faɗa ba na jin kome. Saboda haka ina bayan Baba kan zancen kasuwar hawaye. An taɓa kasa ni a cikinta.

Abin da ba wanda ya rubuta shi ne na bar akuyata a ɗaure a gindin dogonyaro, da niyyar in dawo da yamma in kwance ta. Har yau ita nake mafarki, ba abin da na gani a hanya ba. Makullin ɗakina yana cikin jakata, ɗakin kuwa babu shi. Ranar da zancen akuyar ya suɓuce mini a taron mata 'yan gudun hijira, wata tsohuwa daga Gwoza ta kama hannuna ta ce ita tukunya ta bari a kan wuta. Muka zauna shiru. Ban taɓa jin an ta'azantar da ni kamar ranar ba.

Ɗan Dijital:
Iyaye, duk na ji. Amma ku sani yanzu a waya ake karatu. In layin farko bai kama mutum ba, ya wuce. Mama ki yanka shi gutsu-gutsu ki riƙa sawa a Facebook, kowane ki tsaya a inda za a ƙagu a ji na gaba, ki rufe da "rubuta amin in ya taɓa ka". Za ki ga yadda zai yaɗu.

'Yar Mubi:
Ƙanena, ka karanta abin da na rubuta a sama kuwa?

Ɗan Dijital:
Yi haƙuri Anti, tare muka tura. Na janye zancen amin. Na layin farko dai yana nan.

Uwar Biyu:
Na gode muku duka, tun jiya nake juya maganganun nan. Akwai babi guda da nake jin tsoro. Ko wata biyu ba a yi da binnewa ba, ƙannen maigidana suka zo suka ɗauki babur ɗinsa da takardun fili. Ɗayansu ma dattijo ne a wata ikilisiya. A wasu ranakun wannan ya fi mutuwar ci mini rai. In sa, ko in bari?

Shugabar Zumunta:
Ki sa! Wannan ne babin da za a karanta sau biyu. Ana yi mana shi kullum, kuma shirunmu ne yake ba su ƙarfi.

Fasto Mai Ritaya:
A'a. Matiyu 18 ta shimfiɗa hanya: ki same shi ke da shi, in bai ji ba ki ɗauki mutum ɗaya ko biyu, in ya ƙi a kai gaban ikilisiya. Littafi ba kotu ba ne, wanda aka rubuta a ciki ba shi da bakin kare kansa. In kina so, 'yata, ni da kaina zan raka ki wurin shugabanninsa.

Ɗalibin Bukuru:
Agustin, bishop na Hippo, inda Annaba take a Aljeriya ta yau, har yanzu ana karanta labarin yadda ya saci 'ya'yan itacen maƙwabci yana ɗan shekara 16, ba don yunwa ba, suka watsa wa aladu. Asirin kansa ya tona. Ko kuma a yi sunan aro. C. S. Lewis, marubuci Kirista a Ingila, da matarsa ta rasu a 1960, abin da ya rubuta kan makokinsa da wani suna ya fitar da shi a 1961.

Shugabar Zumunta:
Sunan aro a garin da kowa ya san mai babur ɗin? Ɗana, nan ba Ingila ba ce.

Mai Gyaran Rubutu:
Mama Shugaba ta ba ni dariya, amma ta yi gaskiya. Ni ga ma'aunina. Asirinki naki ne, ki bayar yadda kika ga dama. Asirin wani ba naki ba ne, kuma 'yan biyun nan baffanninsu ne, sunan gidan suke amsawa. Ki rubuta babin ki ajiye wata uku. In kin dawo kika tarar an gina shi ne don mai karatu ya tsani mutanen nan, bai nuna ba tukuna. In kuwa abin da ya fito shi ne ranar da kika share inda babur yake tsayawa, kika ga tabon baƙin mai a ƙasa, to wannan naki ne, ba mai hana ki.

Shugabar Zumunta:
Ban gamsu ba. Kullum mace ce za ta jira wata uku. Amma na bar shi nan.

Baƙon Maraɗi:
Gaisuwa daga Nijar. Ni Bahaushe ne gaba da baya, dangina kusan duk Musulmi ne, kuma zancen kunya da Mama ta yi nake so in koma wa. Kada mu ɗauka sai mun zazzage cikinmu duka sannan za a ce mun yi gaskiya. A wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, mace ba ta kiran sunan miji, wanda bai sani ba sai ya ce babu ƙauna. Ku duba, Mama ba ta ce tana ƙaunarsa ba ko sau ɗaya. Cewa ta yi ba ya wanka da ruwan sanyi ko da bazara. Duk wanda ya tashi cikinmu ya ji abin da ta faɗa. Kunyar da ta cutar da littafin ita ce wadda ta sa ta ɓuya bayan aya, ba wadda ta hana ta kiran sunansa ba.

Na karanta wa gwaggona labarin bokitin, ita da ta yi takaba shekara biyu da suka wuce. Ba ta taɓa barin in karanta mata wani abu namu ba. Ta ce in tambaya ko matar nan tana da mai taimaka mata da yara.

Uwar Biyu:
Ka gaishe mini da Gwaggo, ka ce na gode. Allah ya ba mu haƙuri ni da ita.

Fasto Mai Ritaya:
Kwana biyu ban leƙo ba, ba fushi na yi ba.

Shekara 27 ke nan da muka rasa ɗanmu na biyu a haɗarin mota, yana ɗan shekara 19. Ranar Alhamis muka binne shi, ranar Lahadi na hau bagadi na yi wa'azi kan Ayuba 1:21, Ubangiji ya bayar, Ubangiji ya karɓa. Har yau akwai masu tuna mini wa'azin nan suna yaba bangaskiyata. Mamanku kuwa ta daina waƙa. Shekara guda tana tsaye cikin matan zumunta baki a rufe, har na yi mata faɗa, na ce ki tuna matar Fasto ce ke, ana kallonki.

Shekaranjiya da dare na karanta mata abin da 'yata ta rubuta. Ta yi shiru, can ta ce: "Ni tuwo nake zuba masa a kwanonsa, in tura ƙarƙashin gado kada ka gani." Ɗaki ɗaya muke kwana. Ban sani ba sai shekaranjiya.

Ban janye duka ba, ku ji da kyau. Har yanzu ina cewa kada a bar mai karatu tsaye a banɗaki da ruwan sanyi. Muna da bege, kuma laifi ne mu ɓoye shi don rubutu ya yi daɗi. Amma zancen wata ukun nan, 'yata, ki sa.

Ɗalibin Bukuru:
Baba, Ubangiji ya ta'azantar da ku da Mama. Ku yafe mini in na yi kaushin baki.

Uwar Biyu:
Baba, ban san abin da zan ce ba. A gaida Mama.

Ga abin da na sake rubutawa daren jiya, da rikoda na fara kamar yadda aka ce:

"Washegarin ranar da aka kwashe kujeru, ƙarfe biyar na tashi na ɗora ruwa. Baban Biyu ba ya wanka da ruwan sanyi ko da bazara. Na surka, na gwada da gwiwar hannu, na kai banɗaki. Na buɗe baki zan kira shi. Ban san tsawon lokacin da na yi a tsaye ba, na dai san da na sake taɓa ruwan ya huce. Na koma ɗaki na durƙusa, na ce Ubanmu, sauran ya ƙi fitowa. Ban sani ba a lokacin, ashe Allah yana tsaye tare da ni a bakin ƙofar nan."

Na karanta wa 'yan biyu. Hassana ta ce ashe ban san suna jin ƙarar bokitin ba, lamo kawai suke yi.

Mai Gyaran Rubutu:
Wannan shi ne shafin farko. Jimlar ƙarshe kaɗai zan cire, ba don ƙarya ce ba, don ta yi sauri. Ki ɓoye ta sai can wajen shafi na arba'in, inda ke kanki kika gane haka. Maganar Hassana kuma, in ta yarda, tana neman wuri a littafin.

Fasto Mai Ritaya:
A bar jimlar inda take. Wata ba za ta kai shafi na arba'in ba.

Shugabar Zumunta:
Ku daina ja. Mama, ki zo da shi ranar zumunta, mu raba mata gida biyu, ki karanta wa waɗannan da jimlar, waɗancan babu. Ni zan zauna a baya ina kallon wadda za ta fara taɓa waya.

Uwar Biyu:
To Mama. Sai dai ku sa ni bayan baiko, kada muryata ta ƙi fita tun da wuri. Malam, shafi nawa zan turo maka kafin nan?

Mai Gyaran Rubutu:
Goma sun isa. Har da babin babur, ni kaɗai zan gani.